Rajista ɗaya, 'yan'uwa biyu

Babana Imrich yana yanka katako, ƙaninsa Baffa Vendelin kuma yana ƙera kujeru da tebura a ƙasan kwarin. Tun ina yarinya kamfanonin nan biyu rajista ɗaya gare su a ofishin haraji, domin doka ta yarda kamfanoni su zama ƙungiya guda muddin hannu ɗaya ne ke tafiyar da su. Katako ya bar wajen Baba ya shiga wajen Baffa, ba ruwansu da harajin VAT a tsakaninsu.

Sai kakarmu ta rasu, suka ɓata a kan gidan gado. Rigimar banza ce, na faɗa kuma ina maimaitawa. Motar katako ba ta fasa sauka kwari ba, amma su biyun suka daina ko gaisuwa. A coci ma kowa ɓangarensa daban.

Baba ya ci bashi ya kafa ɗakin busar da katako, da lissafin za a mayar masa da harajin da ya biya a kan injinan. Ofishin haraji ya ce a dakata, sun ji labarin 'yan'uwan sun raba gari, saboda haka ƙungiyar suna ce kawai. In hakan ta tabbata, ba a mayar da komai sai an sake bin diddigin shekarun baya, banki kuwa ba ya jira. Lauya ya ce dole Baffa ya zo ya ba da shaida.

Na san Babana. Injin bai dame shi ba kamar yadda son jin muryar ƙaninsa ya dame shi. Ranar zaman sauraron shaidar ya yi aski, ya sa kwat ɗin da yake zuwa biki da ita.

Baffa ya zo. Jami'ar haraji ta tambaye shi yadda suke yanke shawara, mutumin nan ya buɗe baki kamar an kunna rediyo. Ya ce kowace Lahadi yana hawowa gidanmu, a ci dankali da cukun tumaki, a kurɓi barasar 'ya'yan itacen fulam, su yi ta musu a kan farashin icce har mata su kore su. Ya ce bai taɓa sayen ko ƙusa ba sai ya ji ta bakin yayansa. Duk gaskiya ne, sai dai gaskiyar shekarun da suka wuce.

"Yayana ne ya koya mini riƙe zarto," in ji shi. "Wa zai raba mu?"

Na juya na ga Baba yana share hawaye da bayan hannu. Jami'ar ma ta gani, ta rufe fayil ta ce ta gamsu.

A kan matakalar waje Baba ya bi Baffa da sauri, har yana tuntuɓe.

"Vendo, Lahadin nan fa? Blanka za ta dafa mana." Ni yake nufi.

Baffa ya tsaya yana saka maɓallan rigarsa, bai ko dube shi ba.

"Lauyanka ya ce in faɗi abin da za a yarda da shi, Yaya. Na faɗa."

An mayar mana da harajin kafin hunturu. Lahadi uku Baba yana sa ni in ajiye ƙarin faranti don Baffa, ni kuma na kasa ce masa a'a.