Hannun Masi Barkate

Yatsun ungozoma Barkate, wadda ake kira Masi, wato inna, suka nutse a ƙasan cibiyar Shamim, suka lalubi dama, suka lalubi hagu. Mahaifar tana nan daram inda Allah ya ajiye ta. Shekara arba'in Barkate ta yi tana murza cikin matan ƙauyen nan, tana tayar da mahaifar da ta faɗi, hannunta kuwa bai taɓa yi mata ƙarya ba. Bakinta ne dai ba ta iya rantsuwa a kansa.

Surukar Shamim, Bibi Irshad, tana zaune a bakin gadon igiya tana kurɓar shayi.

"To, Barkate, wata bakwai ke nan kina dama cikin nan kamar kwaɓin gurasa. Yau sai ki faɗa mini. Gonar nan za ta yi tsiro, ko in mayar wa ubanta kayansa?"

Barkate ta san inda gizo ke saƙar. Ita ta yi jinyar Liyakat, mijin yarinyar, lokacin da hangum ya sauka masa har maraina yana saurayi. Matarsa ta fari ma, wadda aka kora da shaidar Barkate, 'ya'yanta uku yanzu a gidan wani direba. Kowa ya san daga wurinsa matsalar take, amma wa zai ce ɗan mai gonaki ya je a duba shi? Ɗakin da Barkate ke kwana a filinsu yake, ɓaunar gidan da take tatsa ma tasu ce.

"Kin haɗiye harshenki ne?"

"Mahaifar a karkace take, Bibi," in ji Barkate, idonta a kan kwanon mai. "Na yi iya yina, ta ƙi zama."

Shamim ta ja rigarta ta rufe cikinta a hankali.

* * *

Kwana uku Barkate ba ta leƙa ko bakin rijiya ba, kunya ta hana ta haɗa ido da mata. Rana ta huɗu da hantsi babur ya tsaya a ƙofarta. Yayan Shamim ne ya ɗauko ta, da akwatinta na ƙarfe ɗaure a baya. Yarinyar ta sauko ta shigo. Barkate ta miƙe tana jiran zagi, har ma tana fatansa.

"Masi, na zo sallama. Ki yafe mini wahalar da na ba ki, jikin nawa ne bai da kirki." Ta rage murya. "In na je gida, in ci gaba da ɗaure cikin kamar yadda kika koya mini? Ko Allah zai sa ta miƙe?"

Barkate ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya. Yayan ya danna hon a waje.

"Ki ci gaba, 'yata."

Shamim ta kama hannayen tsohuwar biyu, ta sumbace su, ta ɗora su a kan idanunta, sannan ta fita.