Muryar Kwamanda a Dandali

Tun da aka ce majalisa na shirin ɗora haraji a kan sayen wasannin bidiyo, Tudor bai zauna ba. Shi ya zuga 'yan rukuninsu na wasan yaƙi, aka tsayar da Asabar a babban dandalin birnin Cluj don a nuna ba a yarda ba.

Ya iso da kwalinsa na zanga-zanga a hammata, sai ya tarar da abin da ba wanda ya hango. Shekara da shekaru suna wasa tare ta intanet, amma ba wanda ya san fuskar wani. Ga mutane nan birjik, sai satar kallon juna ake, kowa ya ɓoye kwalinsa kamar kayan sata.

Can wata murya ta tsaga wurin: "Ku koma hagu, ragwaye. Masu garkuwa gaba!"

Kafin Tudor ya ankara ƙafafunsa sun kai shi hagu, shi da dandazon jama'a, kowa ya faɗa gurbinsa na cikin wasa. Muryar Kwamanda ce, wadda ke zazzaga musu masifa kullum a kunne. Ya waiga, sai ga wata tsohuwa da jakar cefane, kabeji na leƙowa.

"Inna, ke ce Kwamanda?"

"Viorica sunana. Kai ne mai mutuwa tun ba a fara ba, na gane muryarka. Ɗaga kwalin nan sama, yaro. Da fanshona nake sayen wasan nan."