Furen Ɗiyar Fari

…fure na tara ke nan, saura uku, ga inuwa har ta kai bakin rijiya. Luba tana naɗa waya a jikin tsinke, ta zare, ta ɗan ja ta, ta lanƙwasa ta zama ganye. Jan zare — a'a, ja ya yi yawa. To wane launi ma yarinyar take so? Ikon Allah. Wai uwa ce ke wannan tambaya.

Gobe jere a Bungudu. Mata za su cika ɗakin amarya, a kafa gado, a jera kwanuka, a yi ta shewa, ita kuwa tana nan Tudun Wadar Gusau daga ita sai filayar lanƙwasa waya. Uwa ba ta zuwa. Balle uwar ɗiyar fari… wa ya taɓa gani?

Ɗiyar fari. Ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane. Haka aka tarar. Ranar da aka yaye ta, Indo, yayar mijin Luba, ta zo daga Tsafe ta goya ta — ƙafa ɗaya ba takalmi, tana waige, tana miƙo hannu — Luba kuwa ta duƙufa tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Aka yi ta yabo. Kai, Luba akwai kunya! Shekara goma sha tara tana cin yabon nan, bai taɓa ƙosar da ita ba.

Waya ta soke ta. Ta tsotse yatsa. Kar dai jini ya taɓa farin zaren…

Ɗakunan amare nawa ta ƙawata, duk na 'ya'yan mutane? Kowa ya san hannunta. Bahaguwa ce, naɗinta hagu yake bi, ko cikin fure ɗari aka sa nata sai an ware shi. Maƙwabta sun sani, 'yan kasuwa sun sani. To ita ma yarinyar za ta juya ganyen, ta duba, ta ce — ta ce me? A ina ta gani? Yaushe ta taɓa zama kusa da hannun nan yana aiki? In ta zo ganin gida, gaisuwa daga bakin ƙofa, an zo lafiya, lafiya lau, kowa ya sunkuyar da kai. Luba tana sonta. Wallahi tana sonta, sai dai ba wanda ya koya mata yadda ake faɗa.

Goma sha biyu. Ta jera a kwali, ta ɗaure. Ga Labbo direba yana sallama daga zaure.

"Inna Luba, in na kai, in ce daga wa?"

Daga uwarta. Kalma biyu ce fa. Ga su nan a bakinta… ga kuma Maijidda maƙwabciya tana shanya a tsakar gida, ta baza kunne.

"Ka ce daga Gusau."

Mota ta tashi. Luba tana tsaye, guntun zare na lilo a yatsanta. Daga Gusau… mata nawa ne a Gusau?