Muktar na Cikin Waya

"Na ci! Umma, na ci! Zo ki ga yadda na yanke su!"

Suwaibatu ta saki muciya ta leƙo. Muktar na kan tabarma, ya manne da kafaɗar ubansa, sandunansa biyu yashe a gefe. Shekararsa tara, kuma tun da keke napep ya banke shi a Bolari ƙafarsa ta hagu ba ta sake ɗaukar sa ba. Amma a cikin wayar uban, Misbahu, akwai wani Muktar ɗin, dogo, mai lamba tara a baya, yana gudu kamar barewa.

Wasan nan fa ba ƙwallo ce zalla ba. Mutum zai haɗa ƙungiya, ya raini 'yan wasansa, ya tura su yaƙi da dodanni su samo takalman tsafi, sannan ya tsara su su kara da ƙungiyoyin abokai. Misbahu, magidanci da gemunsa, ma'aikacin gwamnati, ya nutse ciki har wuya. Kaf unguwar Hammadu Kafi an shaide shi: ko a zaman makoki, hannu ɗaya na shafa fatiha, ɗaya na ƙarƙashin babbar riga yana latse-latse. Tuwo ya huce, a ɗumama, ya sake hucewa. Ranar gashin ƙashi kuwa, Suwaibatu ce ke goya yaron zuwa bakin titi.

Sau nawa faɗa ya zo mata har maƙogwaro ta haɗiye! Tun bayan hatsarin Misbahu ba ya iya kallon ƙafar nan. Ran da ya ƙirƙiri ɗan wasan ya raɗa masa sunan ɗansa, ya ce, "Ga ka nan, kai za ka riƙa ci mana," ran nan ta fara jin dariyar Muktar kuma. Sai ta ce a ranta, in dai waya ce za ta haɗa uba da ɗa, to ta ci gaba da zama kishiyar tuwonta.

* * *

Ran Asabar aka zo wasan ƙarshe da ƙungiyar Desmond, abokin aikin Misbahu. Tun safe Desmond ke turo saƙon murya, ana ji har kicin.

"Oga Misbahu, da wannan ɗan tsakon naka za ka tare ni? Kawo shi, in yi farfesu!"

Muktar ya yi wanka ba a ce masa ba. Ya sa rigarsa ruwan ɗorawa wadda uwar ta ɗinka wa lamba tara, ya dogara ya zo ya zauna a mazauninsa. 'Yan wasa suka fito fili. Mai lamba tara wani ƙato ne, da fukafukan wuta.

"Abba, ina nake?"

"Matsa kaɗan, kana kare min."

"Ko a benci aka ajiye ni?"

Suwaibatu ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Abban Muktar, yaro na tambayar ka."

"Ke ba za ki gane ba. Sai ka narka ɗan wasan da ka daɗe kana raino kafin a ba ka irin wannan. Dabara ce."

"Narka shi ka yi?"

"Haba, hoto ne fa! Gobe zan ƙirƙiro masa wani, har da sunan."

"Abba, shi ne fa ya kashe dodon kogi," in ji Muktar. "Tare muka samo masa takalmi."

"Ba ya gudu sosai," Misbahu ya faɗa, idonsa bai bar waya ba. "Ja mana baya kawai yake yi."

Yaron ya dubi ƙafarsa. Bai yi kuka ba, da ma kukan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya lalubi sandunansa, ya miƙe, ya wuce ta gabanta yana ƙwas, ƙwas. Kafaɗar da ya bari ko motsi ba ta yi ba.

* * *

Da la'asar tana wanke-wanke, Muktar na bakin rariya da gwanjon singileti. Rigar lamba tara na can kan turmi a ninke. Ya jera murafun kwalba a ƙasa, ƙwallon da yake bugawa da yatsa. Kowane murfi da sunansa, ta san su duka. Ja ɗin nan mai sheƙi, wanda ba ya barin kowa ya taɓa, shi ne Abba.

Ihu ya tashi daga ɗaki.

"Muktar! Mun ɗauki kofi! Zo ka ga yadda muka yi raga-raga da Desmond!"

Muktar bai waiga ba. Ya daɗe yana juya jan murfin a tafin hannu. Sannan ya ajiye shi, ya saita, ya ɗalle shi cikin rariya. Murfin ya maƙale jikin wani ɗan dutse, inda hannunta zai iya kaiwa ko ba ta tashi ba.

Suwaibatu ta dubi murfin. Ta ɗaga baho, ta tuttula ruwan wanke-wanken cikin rariyar.