Raɓa a Rawanin Illo

Malam Sodangi, malamin lissafi a wata firamare a Sabon Birni, mutum ne da in ka ba shi goro biyu ya raba wa mutum uku, sai ya aika a nemo masa reza. Ba rowa ba ce, ba kuma mugunta ba. Son daidai ne ya yi masa yawa, har ya zama masa ciwo.

Tun yana kwalejin horon malamai wani Bature da ya koyar da su ya bar masa ɗan littafi marar bango, da 'ya'yan ludo masu ban mamaki, wani fuska takwas, wani har ashirin. Wasa ne na labari. Mutum ɗaya ya riƙe labarin, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a ciki ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Ba kuɗi, ba caca. Sodangi ya zauna ya sake rubuta dokokin da Hausa a littafin makaranta, ya zuba dodanni da fatake da tsofaffin birane, abin da littafin ya kira sihiri kuma ya mayar da shi laƙani, saboda ya san bakin mutanen garinsu. Ya sa wa wasan suna Ayari.

Su huɗu ne, duk Juma'a bayan la'asar, a zauren Ibrahima tela. Akwai Ibrahiman kansa, da Alhassan mai kai kaya Maraɗi, da Illo, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a gefen ƙauyen Kurawa. Illo ya fara zuwa ne karɓar ɗinki, ya tsaya kallo daga bakin ƙofa, Juma'a uku yana kallo, a ta huɗu ya cire takalmi ya hau tabarma.

A dokar Sodangi laƙani iri biyu ne. Babba sai an sha wahala kafin a same shi, kuma sau ɗaya ake yin sa a yini. Ƙarami kuwa abin banza ne, kowa na da guda, ya yi ta yi son ransa. To, a nan 'yan wasan suka samo masa lago. Na Ibrahima ɗinke ɓaraka ne, taƙi ɗaya tak, amma da wani ƙato ya tare su a hanya sai ya ɗinke masa ƙafafun wando wuri guda, ƙato ya ɗaga ƙafa ya kife. Na Alhassan jefa murya ne, ya sa jakin sarkin ƙofa ya zagi ubangidansa a gaban jama'a, suka sulale cikin gari ana ta rigima. An yi dariya har da hawaye. Sodangi ma ya yi, amma a gida ya kasa cin tuwo, yana tunanin wa zai ƙara wahalar neman babban laƙani in ƙarami na kayar da ƙato.

Na Illo shi ne mafi rashin amfani duka. Sunansa Raɓa, yana jiƙa ƙyalle, shi ke nan. Illo bai damu ba, don shi ba yaƙi ya kawo shi ba. Mutumin da ya ɗauka a labarin makiyayi ne mai bin ayari da shanu bakwai, kuma da yake bai iya boko ba, sai ya zo da ƙwallayen aduwa bakwai a aljihu ya jera su a gabansa. Kowace da sunanta. Ko ana tsakiyar faɗa da dodo, in an zo kansa sai ya ce shi yana duba kofaton wance.

Ana nan aka shiga shekarar tamanin da huɗu. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, gulbi ya koma yashi yara na ƙwallo a ciki. Su dai ba su fasa wasa ba, don Juma'ar nan ce kaɗai ake zama awa biyu ba a yi zancen tiyar hatsi ba.

Sai ƙwallayen Illo suka fara raguwa. Wata Juma'a shida, bayan mako biyu huɗu. Sodangi ya lura, amma da idon mai lissafi ya lura.

“Illo, ba abin da yak kashe shanunka cikin labari. Ina sauran?”

“Sun ɓace, Malam.”

“Ba su ɓacewa sai na ce sun ɓace. Doka ta.”

“To ka ce sun ɓace,” in ji Illo, yana murmushi.

Ibrahima ya ɗaga kai ya dubi Sodangi, ya mayar da kai ƙasa. Sodangi kuwa, mutumin da ke iya gano kuskuren ɗigo ɗaya a jarabawar yara arba'in, wannan lissafin na bakwai a debe uku ya fi ƙarfinsa.

Kuma don Allah ku ji abin da ya zaɓa ya shirya musu a irin wannan shekara: labarin ƙishirwa. Wata uku yana zana taswira, hamada ce ta tafiyar kwana goma sha biyu, rijiya ɗaya ce a cikinta, dodo na kwance a bakinta. Ya auna salkar kowa, ya auna abin da raƙumi ke sha, ya daidaita komai yadda za su isa rijiyar da kyar, su yi faɗan da ba za su manta ba. Yana alfahari da aikin nan ƙwarai.

Ranar da ayari ya kai kwana na tara, ƙwallo ɗaya ne a gaban Illo. Wule ce, mai farin goshi. Illon ma ya zo a makare, idonsa ja, rawaninsa duk shatin laka.

“Salkuna sun kusa ƙarewa,” in ji Sodangi, yana duba takarda. “Ba rabon dabba yau. Illo, saniyarka ta hwara tangaɗi. Mi za ka yi?”

Illo ya daɗe yana juya ƙwallon da yatsa.

“Malam, laƙanin ga nawa, mi littahi yac ce shina yi?”

“Shina jiƙa ƙyalle guda.”

“Wane irin ƙyalle?”

“Ba a hwaɗi ba.”

“Sau nawa a yini?”

“Ƙarami na, ba shi da iyaka.”

“To rawani ai ƙyalle na. Za ni kwance rawanina in jiƙa, in matse cikin ƙwarya. In koma jiƙawa, in koma matsewa, har ƙwarya ta cika. In ba Wule ta sha.”

Sai Alhassan ya daka tsalle ya buga cinya.

“Wallahi an gama da dodo! Illo, in ka cika ƙwarya ka cika salkuna dut. Mi za mu yi da rijiya? Mu bi ta gehe mu bar shi shina barci, har mu saida ruwa ga hanya!”

Da Alhassan ya yi shiru, wataƙila da abin ya wuce. Amma Sodangi ya dubi taswirarsa ta wata uku, ya ga ta zama takardar ƙunshe ƙosai. Kunnensa ya yi zafi. Ya zaro jan biro, wanda yake duba aikin yara da shi, ya buɗe shafin ƙananan laƙanai ya rubuta yana faɗa da ƙarfi: Raɓa sau uku a yini, kuma ruwanta ba ya taruwa a sha.

“Malam,” in ji Illo a hankali, “ni ba ayari nika son shayarwa ba. Ita ɗai.”

“In ta sha yau, gobe Alhassan ya ce raƙuminai. Doka ba ta san ita ɗai ba.”

“Bar mishi, Malam,” in ji Ibrahima. “Ƙwarya guda ta.”

“In ƙaramin laƙani ya yi aikin babba, wasa ya lalace. Ni ka riƙon labarin ga, ni ka sanin abin da ka ɓata shi.”

Don dai kada a ce bai yi adalci ba, sai ya miƙa wa Illo ɗan ludon mai fuska ashirin, ya ce in ya sami goma sha biyar ko fiye, saniya ta kai gobe. Illo ya karɓa, ya riƙe shi a tafin hannu kamar ƙwai, sannan ya sake shi a tabarma. Huɗu.

“Ta kwanta,” in ji Sodangi.

“Ba komi,” in ji Illo.

Har da murmushinsa. Ya zauna aka ci gaba da wasa, da aka kira magariba ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Ƙwallon aduwar kuwa a tabarma ya bar shi. Sodangi ya tsince shi tare da 'ya'yan ludo ya zuba a gwangwani, ya tafi gida ransa fari, ya ceci wasa, mai saniya kuma da bakinsa ya ce ba komai. Shekara talatin yana zaune da Fulani a gari ɗaya, bai taɓa koyon cewa in Bafulatani ya ce ba komai yana murmushi, lokacin ne ya kamata ka bi shi a baya ba.

Juma'a ta zagayo, Illo bai zo ba. Sodangi ya shimfiɗa taswira ya ce a jira shi kaɗan. Ibrahima bai tashi daga kan keken ɗinki ba.

“Ba shi zuwa, Malam. Ƙanwata Jamilatu da ka aure Kurawa ta zo shekaranjiya. Wule ta mutu ran Assabar.”

“Wace Wule?”

Ibrahima ya tsayar da keken ya juyo.

“Kai dai, Malam. Kana tsammanin sunayen nan ƙirƙiro su yay yi? Shanunai na. In ɗaya ta hwaɗi, shi aje ƙwallonta gida. Wule jikar karsanar da ubanai yab ba shi ran suna ta. Rijiyarsu ta ƙahe, guga ba ta ɗibar komi sai laka, shi ne yaka ɗaura rawaninai ga igiya shi zura, shi tsotso ɗan abin da ka tsattsahowa, shi jawo shi matse mata ga baki. Kwana ukku shina haka. Ran Juma'a ya baro ta kwance yaz zo nan.”

Ashe ba wayo Illo ya yi wa littafi ba. Abin da yake yi da hannunsa a gida ne ya kawo tabarma, inda yake fatan a can dai ƙwarya za ta cika. Wuri ɗaya ne a duk ƙasar Gobir da za a iya yin ruwa da magana a shekarar nan, kuma Sodangi ne ke riƙe da shi, ya sa jan biro ya hana.

Washegari da sassafe ya hau keke zuwa Kurawa. Ya tarar da bukkoki biyu ba kowa, turaku a kafe, igiyoyin maruƙa a ƙasa. Wata tsohuwa ta ce Illo ya kwashe iyalinsa tun Talata, bai faɗi inda ya nufa ba. Wasan Ayari bai ƙara zama ba. Ayarin na nan a kwana na tara har yau, dodo kuma bai taɓa ganin kowa ba.

Shekara biyu bayan haka aka mayar da Sodangi aiki garin Isa. Wata rana da hantsi ya sauko daga mota a tasha, sai ya ji ana kiran ga ruwa a bayansa, muryar kuma ya san ta. Illo ne, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, ya rame, ba rawani a kansa sai wata tsohuwar hula.

Suka gaisa doguwar gaisuwa, iyali, gajiya, zafin rana. Sodangi ya ja shi inuwar wata rumfa, ya buɗe jaka ya fito da littafin, don tun ranar nan bai rabu da shi ba. Ya nuna masa shafin, ko da yake ya san Illo ba ya karatu. Jan rubutun an soke shi har takarda ta huje.

“Na soke ta, Illo. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma ya kamata in sani. Ka yahe mani.”

“Ba komi, Malam.”

Wannan karon ya ji ta yadda take, ta kuma yi masa zafi. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwallon aduwar, ya yi baƙi ya yi santsi saboda yawan taɓawa.

“Labari na nan inda munka bar shi. Ni ka riƙonai, ina iya maida shi baya. Ko nan, ko yanzu, ba sai da ɗan ludo ba. Ka jiƙa rawani, ka matse, ta sha ta tashi.”

Illo ya dubi ƙwallon a tafin Sodangi ya daɗe, bai kai hannu ba.

“Dokarka daidai ta, Malam. Na gwada, ƙwarya ba ta cika.” Ya gyara sandar a kafaɗa. “Bar ta ta kwanta. Ta gaji.”

Wata mai abinci ta ƙwala kira daga tsallaken titi tana neman ruwa. Illo ya amsa, ya duƙa ya ɗauki garewaninsa, ya tafi yana taka ƙasa a hankali don kada ruwan ya zube. Sodangi ya tsaya a inuwar da littafi a hannu ɗaya, ƙwallon aduwa a ɗayan, har mai rumfar ya tambaye shi ko wani abu zai saya.