Safayar da Aka Bari a Zaure

Ƙarar ta zo kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Motar ta fizga zuwa hagu, Garzali ya damƙe sitiyari da hannu biyu, bai taka birki ba, ya ƙyale ta tana rage gudu da kanta tana ɗingishi, har ya lallaɓa ya sauke ta gefen titi kusa da wata gonar dawa. Ba su yi nisa da gadar Wudil ba.

A kujerar baya Barakatu ta rungume kan Rahinatu, mahaifiyar Garzali, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu a Sabon Gari tun suna amare. Da safen nan likita ya ce zuciyar Rahinatu ta kumbura, a wuce da ita Kano yau ba gobe ba.

"Mene ne kuma?" in ji Barakatu.

"Taya ce, Gwaggo. Ta gaba."

"To sauka ka canja mana. Kake kallona!"

Ya fita. Ya samo duwatsu ya tare ƙafafun baya, ya karyo ganye ya jera a kan titi don masu tahowa su kauce, ya fito da jak. Sai kuma ya tsaya a bakin but yana sosa ƙeya. Barakatu ta san tsayuwar nan. Ita ta goya shi lokacin da aka yaye shi, haka yake tsayawa in ya fasa wani abu.

"Garzali, ina safaya?"

"Tana gida."

"Tana ina?"

"A zaure. Ranar Juma'a na cire ta, da zan ɗauki buhunan kasuwa. Wurin ne bai isa ba."

Barakatu ta zare cinyarta a hankali daga ƙarƙashin kan Rahinatu, ta fito. Ta zagaya ta dubi tayar. Ta yage daga gefe, wayoyi sun yi cirko-cirko, samanta kuwa sumul kamar tafin hannu.

"Wannan ba ita ce mai ƙullutun nan ba? Ba ni na nuna maka shi a ƙofar gida ba? Ka ce mini me? Ka ce za ta kai bayan salla! Buhun masara ya samu wuri a motarka, abin da zai kai uwarka asibiti bai samu ba. Kai wane irin mutum ne? Kullum kana kan titi, ko sau ɗaya ba ka durƙusa ka dubi abin da ke ɗauke da kai ba?"

Garzali ya tare ɗan acaɓa, ya haye, suka juya cikin gari.

Barakatu ta tsaya a bakin titi tana ɗaga hannu. Motoci suka riƙa wucewa a cike, iskarsu tana kaɗa mata mayafi. Daga ƙarshe wani dattijo mai farar mota ya tsaya, ya ce a kawo marar lafiyar, Kano za shi. Ta koma da gudu ta buɗe ƙofa.

"Yaya, tashi, Allah ya kawo mai taimako."

Rahinatu ta girgiza kai. "Ba inda za ni. Ɗanki ya dawo ya tarar ba na nan?"

"Ya tarar mana! Shi ya jawo!"

"A motarsa na fito, Baraka. A cikinta zan isa."

Barakatu ta roƙa, ta yi faɗa, ta kama hannunta za ta ɗaga, Rahinatu ta riƙe jikin kujera da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Dattijon ya jira har ya gaji, ya yi musu fatan sauƙi ya tafi.

"Taurin kanki ne a jikinsa, wallahi," in ji Barakatu, tana komawa ciki tana haki. "Ke da shi duk ɗaya. Kin lalata yaro, yanzu ga shi nan."

"Ke kika goya shi."

"Ni ban koya masa wannan ba."

Rahinatu ta yi ɗan murmushi, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta ce a buɗe mata ɗaya ƙofar. Iska ta shigo da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan jiya. Ta daɗe tana kallon dawar.

"Ta yi kyau bana," ta ce. Can kuma ta ce, "Kada ki ci masa mutunci a gaban mutane. Ki bari sai kun koma gida."

"Ni da ke za mu yi masa, in kin warke."

Leɓen Rahinatu ya ci gaba da motsi. Barakatu ta sunkuya ta ji abin da take faɗa, sai ta kama mata, suka yi kalmar shahada tare. A ta biyun muryar Barakatu ce kaɗai.

Ta shafe mata ido, ta gyara mata ɗankwali, ta ja mayafi zuwa haɓarta. Kuka bai zo ba. Abin da ya cika mata ƙirji zafi ne, tana ta jera maganganun da za ta watsa wa Garzali, kowace ta fi ta baya ɗaci.

Sai ga shi a bayan acaɓa, rungume da safaya a cinya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya diro tun kafin babur ya tsaya.

"Ba iska a cikinta, sai da na biya wajen mai faci. Yaya jikin Umma?"

Barakatu ta dube shi. Ta dubi manyan motocin da ke wucewa dab da inda zai durƙusa.

"Ta samu barci," ta ce. "Yi aikinka, kada ka tashe ta."

Ta zauna tana jin komai ta jikin motar. Ya sassauta notuna, ya ɗaga jak, gefe ɗaya ya tashi, kan Rahinatu ya gangaro ya jingina da cikinta. Ya cire yagaggiyar, ya saka safaya, ya sauke.

"Ka ɗaure su da kyau," ta ce ta taga. "Kowanne. Ka sake bi."

Ya sake bi ɗaya bayan ɗaya, yana taka sifana da ƙafa. Ya kwashe duwatsun, ya jefa kaya a but, ya faɗa mazauninsa ya tayar da mota.

"Yanzu za mu isa, in sha Allahu. Umma, sannu, yanzun nan."

"Juya motar," in ji Barakatu.

"Gwaggo?"

"Na ce ka juya. Gida za mu."

Ya ɗago ido ya dube ta ta madubi. Daga nan ya waiwayo gaba ɗaya, ya ga yadda aka ja mayafin. Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna girgiza.

Duk maganganun da ta tanada suna nan a bakinta, ba wadda ta gudu. Ta haɗiye su.

"Ba a nan ba," ta ce. "Share idonka ka ga hanya. Ka kai ta a hankali."

Ya goge fuska da gefen riga, ya duba titi hagu da dama, ya juya. Tun da ya fara tuƙi ba ta taɓa ganin ya yi tafiya irin wannan ba. Masu acaɓa suna wuce su, wata tirela ta bi su da ham har ta gaji ta kauce. Da suka hau gada, kogin ya cika ya yi ja, masu ɗiban yashi suna tura kwalekwale a ƙasa. Barakatu ta sa tafin hannu a ƙarƙashin kan Rahinatu, tana tare shi duk inda taya ta faɗa rami.