Obin Mai Cokali a Ƙofa

Tun da Anti ta yi kwas ɗin girki na sati uku ta waya, ba a ƙara cin komai a gidan ba sai an auna. Ta sayo ɗan sikeli, ta ɗinko farar riga mai maɓallai layi biyu, ta sa aka buga mata satifiket aka saka a gilas. A falo ta rataye shi, daidai inda hoton aurensu yake da. Hoton ya koma bayan ƙofa. Yaya, mijinta, bai damu ba, da ma bai yi kyau a hoton ba.

Auta, ƙanwar Yaya, wadda ke zaune da su tun rasuwar Mama, duk wannan bai dame ta ba. Har gishiri ta ga an ɗora a sikeli, ta kau da kai. Sai da magana ta zo kan obin, murhun gashin kek.

Obin ɗin na Mama ne. Lambobin jikin makunninsa sun goge tun Auta tana firamare. Ƙofarsa ba ta zama a rufe sai an soka mata cokali a gefe. In za a kunna shi, sai a murɗa gas, a ƙirga biyar, a ƙyasta ashana, sannan a ɗan doke shi da gwiwa. Wutarsa kuma ta fi ƙarfi a kusurwar hagu ta ciki, dole in ƙamshi ya fara tashi a buɗe a juya tire. Auta ba a takarda ta koyi wannan ba. A bayan zanen Mama ta koya, tana lasar kwano.

"Wannan ai ba obin ba ne, abin kunya ne," in ji Anti. "Na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, ranar Asabar ƙarfe huɗu zai zo ya ɗauke. Litinin sabo ya iso."

Kicin ɗin ba zai ɗauki biyu ba. Auta ta kai kuka wurin Yaya. Ya ce su daidaita tsakaninsu, idonsa na kan waya.

Sai dai a ranar Asabar ɗin ce matar manajan su Yaya za ta zo shan shayi, ƙarfe uku. Anti ta riga ta yi mata alkawarin kek na hannunta. Ke nan sai abin kunyar ya yi aikin sallama.

Tun kafin azahar Anti ta shiga farar riga. Ta auna fulawa gram ɗari biyu da hamsin, sikeli ya ce da ɗaya, ta tsame da bakin wuƙa. Ta auna ƙwai. Wani ya fi ɗan'uwansa nauyi, ta harare shi ta mayar da shi firij.

"Ke Auta, zo ki kunna mini wannan tarkacen."

Auta ta murɗa, ta ƙirga, ta ƙyasta, ta doka. Wuta ta kama.

"Anti, in ƙamshi ya taso ki juya tiren."

"Ba a buɗe obin kafin minti arba'in. Darasi na biyu ke nan."

"To shi bai shiga ajin ba, Anti."

"Ke kin shiga?"

Auta ta koma wanke-wankenta. Ƙamshi ya tashi, ya gaji da jira, ya koma ƙauri. Anti tana tsaye da waya a hannu tana kallon agogo, hancinta na gaya mata gaskiya tana ƙaryata shi. Da minti arba'in suka cika cif, ta zare cokali ta buɗe. Ɓangaren hagu na kek ɗin ya yi baƙi ƙirin kamar tayar mota. Ɓangaren dama kuwa, da ta karkata tiren, sai ya biyo ta.

Saura minti arba'in baƙuwa ta iso. Anti ta zauna a kan kujerar kicin tana kuka a hankali, kai a sama, don kada hawaye ya ɓata kwalliya.

Auta ta buɗe firij. A jikin ƙofar akwai kwalaben jam na shafa wa burodi guda uku masu rubutun waje, waɗanda Anti ke jerawa don duk wanda ya zo neman ruwan sanyi ya gani. Kowace saura cokali biyu a gindi, an fi wata uku ana ganin girmansu. Auta ta kankare su tas, ta zuba musu ɗan ruwan zafi ta girgiza ta juye. Ta je falo ta kwaso 'ya'yan itacen da ke cikin kwanon ado: mangwaro uku da suka yi laushi, tuffa biyu da aka juya tabonsu yana kallon bango. Ta yanyanka, ta cakuɗa da jam ɗin a kwanon gashi, ta matsa lemun tsami.

Sannan ta ɗebi fulawa da kofin shayi mai karyayyen hannu, ta murje ta da bota da yatsu, ta sa sukari, bakin hoda mai sa kumburi, madara.

"Gram nawa ke nan?" Anti ta tambaya cikin shessheƙa.

"Kofi ɗaya da abin da ya zube."

Ta yaɓa ƙullun a sama, nan tudu can rami, ta tura obin ta soka cokali. Da ƙamshi ya tashi ta buɗe ta juya. Anti ta rufe ido don kar ta ga saɓon.

Matar manaja ta iso da turarenta a gaba, ita a baya. Ta zauna, ta karanta satifiket tun daga sama har sa hannu. Auta ta kawo kwanon, jam na tafasa ja-ja a gefe, saman ya yi ruwan zuma. Baƙuwa ta kai cokali ɗaya, ta lumshe ido. Ta kai na biyu ba ta buɗe ba.

"Ke kika yi wannan?"

Anti ta gyara wuyan riga. "Wallahi ɗan abu ne kawai, Hajiya. Da gangan ake barinsa a hargitse. Haka manyan masu girki ke yi yanzu."

"Na sani mana. Na ci irinsa a tafiyata ta bara. Amma naki ya fi. Mene ne sirrin?"

Anti ta kalli silin, ta kalli Auta, Auta ta kalli bango.

"Obin ne, Hajiya. Tsoho ne sosai. Na zamanin nan ba su da rai."

Sai ga su duka a kicin. Matar manaja ta dafe ƙirji. Ta shafa tsatsar gefe, ta ɗauki hoton cokalin ƙofa ta gefe uku.

"Irin wannan nake nema tun yaushe! Kowa yanzu tsohon abu yake yayi. Ki bar mini shi, gobe direba ya zo ya ɗauka. Zan aiko miki da sabo fil a kwali."

Fuskar Anti ta washe kamar an kawo wuta. Auta kuwa ta tsaya kallon obin ɗin. Mai ƙarafa ma da sauƙi, shi ba zai ɗora wa obin ɗin Mama tukunyar furen roba ba.

Ta ɗauko ashana daga kan taga, ta miƙa da hannu biyu cikin ladabi.

"Anti, ai sai ki nuna wa Hajiya yadda kike kunna shi, kar ya ba ta wahala."

Anti ba ta taɓa kunna shi ba ko sau ɗaya. Abin da ta sani kawai, ranar da Yaya ya gwada, sati biyu ya yi ba gira. Ita kuwa tata yau ta zana, ta ɗauki rabin awa tana daidaita su. Ta kalli ashana. Ta kalli baƙuwa, wadda ta riga ta ɗaga waya za ta ɗauki bidiyo.

"Hajiya, ki gafarce ni," ta ce, tana share ido. "Na marigayiya surukata ne. Ko taɓa shi na yi sai ta faɗo mini a rai. Ba zan iya rabuwa da shi ba, ko ƙusa ɗaya."

"Allah sarki! Allah ya jiƙanta. Irinki ba yawa, 'yar nan." Matar manaja ta share ido ita ma. "To ki riƙe abinki. Asabar mai zuwa zan zo da ƙawayena su gan shi, ki sake yi mana wannan."

"Allah ya kai mu," in ji Auta, ta mayar da ashana kan taga.

Daidai nan aka buga ƙofar gida. Murya ta ratso har kicin: "Salamu alaikum! An ce in zo in ɗauki tsohon obin!"

"Ɓatan kai ya yi," Anti ta ce da sauri. "Auta, je ki sallame shi."

Auta ta fita da tiren kek ɗin Anti a hannu. Mutumin ya karɓa, ya ƙwanƙwasa ɓangaren hagu da ɗan yatsa, ya ji ƙara.

"Wannan kuma wane irin ƙarfe ne, 'yammata?"

"Mai kyau ne, Baba. Gram ɗari biyu da hamsin, an auna."

"To ina obin ɗin?"

"Ya samu aiki."